Shin Tsofaffin Wayoyi Za Su Samu Hanya Mai Sauƙi ta Sauya Babbar Manhaja?

Tambaya: Wayata ta shekara shida kuma lafiyarta ƙalau, sai dai kamfanin ya daina turo mata sabuntawa. Na ga masu Pixel suna sauya babbar manhajar wayarsu ta cikin burauza, a danna nan a danna can an gama. Akwai ranar da irin tawa za ta samu wannan sauƙin, ko in haƙura?

Amsa: Yawancin tsofaffin wayoyi ba za su samu ba. 'Yan kaɗan sun riga sun samu, kuma su ne dai waɗanda tun fil azal ba su da wahalar filashin, wato rubuta wa waya sabuwar babbar manhaja. Abin da ya fi muhimmanci ka sani shi ne jira ba zai amfane ka ba, domin ƙofofin da ake bi a shiga tsohuwar waya rufewa suke yi shekara bayan shekara, ba buɗewa ba. In akwai abin da za a iya yi wa wayarka, yau ya fi gobe.

Sai ka fara gane abin da wannan shafin burauza yake yi. Ɗauki na GrapheneOS, babbar manhajar da ake sa wa Pixel a madadin ta Google, wanda shi ne aka fi misali da shi. Maɓallai huɗu ne a jere: buɗe butloda (ƙaramar manhajar da ke fara tashi idan an kunna waya), sauke manhaja, rubuta ta a waya, sannan a mayar da butloda a kulle. Burauzar tana magana da wayar ta kebul ne ta hanyar WebUSB, fasahar da Chrome ya shigo da ita a 2017, wadda har yau Firefox da Safari ba su karɓa ba. A ƙarƙashin maɓallan nan babu wani sabon abu. Umarnin fastboot ne, hanyar da kwamfuta ke rubuta wa waya manhaja ta kebul, irin wanda masu filashin ke rubutawa da hannu, aka jera shi aka lulluɓe da maɓalli. Wato shafin riga ce kawai. Abin da ya sa rigar ta zauna daram shi ne jikin da aka ɗinka mata: duk wayoyin Pixel yare ɗaya suke ji, umarni ɗaya ke buɗe yawancinsu ba tare da neman izinin kowa ba, Google na wallafa ainihin manhajar masana'anta ga duk wanda ke son komawa, kuma tun daga Pixel 2 akwai wurin da za ka ajiye makullin sa hannun sabuwar manhajar, ta yadda wayar za ta yarda da ita bayan an sake kullewa. Ka cire ɗaya daga cikin waɗannan, maɓallan huɗu sun zama goma, kowanne da gargaɗinsa.

An ma taɓa gwada abin da kake nema. A ƙarshen 2013 CyanogenMod, wata babbar manhaja da aka gina a kan Android, ta fito da manhajar girkawa mai sauƙi, ɗaya a waya ɗaya a kwamfuta. Ba ta yi wata guda a Play Store ba aka sa suka janye ta, kuma ko a lokacin wayoyi ƙalilan take ɗauka, galibi Nexus da wasu na Samsung da HTC. CyanogenMod ta rushe a Disamba 2016, LineageOS ta gaje ta, kuma har yanzu LineageOS shafin umarni take ba kowace waya, a bi da hannu. Ba lalaci ba ne. Sun san abin da ke faruwa idan maɓalli guda ya rubuta fayil ɗin da bai dace ba a wayoyi ɗaruruwa masu hali daban-daban.

Babban shingen shi ne butloda, wato ƙaramar manhajar da ke fara tashi idan ka kunna waya, ta duba sa hannun babbar manhaja kafin ta ba ta hanya. Muddin tana kulle, ba ta yarda da komai sai abin da kamfanin ya sa wa hannu. Babu wata manhajar girkawa, komai kyanta, da za ta tsallake wannan. Kuma makullin ba a hannun masu LineageOS ko wani mai sa kai yake ba, yana hannun wanda ya ƙera wayar.

Dubi yadda abin ya gudana. Huawei ta daina ba da lambar buɗewa a 2018. LG ta fita daga harkar waya a 2021, kuma a ƙarshen wannan shekarar ta kashe shafin da ke ba da makullin, don haka wayar LG da ba a buɗe ba kafin lokacin ta rasa hanyar hukuma har abada. Asus ta dakatar da manhajarta ta buɗewa a 2023. Xiaomi a da kan sa ka haɗa wayar da asusunka ka jira awa 168, kwana bakwai ke nan, sannan ka buɗe da Mi Unlock a kwamfuta. Da zuwan HyperOS, sabuwar babbar manhajarta, sai ta ƙara sharuɗɗa: asusun ya kai kwana 30, a nemi izini ta manhajar Xiaomi Community, kuma akwai adadin da ake bayarwa a rana, in ya cika sai gobe. Samsung tun da can ba ta barin a buɗe wayoyinta na kasuwar Amurka, kuma a One UI 8, manhajarta ta 2025, ta cire zaɓin daga sauran ma. Ko Pixel ɗin da ake yabo, wadda aka saya ta hannun kamfanin sadarwa na Verizon ba ta buɗuwa. Motorola da Sony da Fairphone suna ba da lamba ta shafinsu, amma lura da abin da hakan ke nufi: ranar da aka kashe shafin, shi ke nan. Tsohuwar waya ita ce ta fi kusa da wannan ranar.

To ka ga ko da wani ya rubuta manhajar girkawa mafi sauƙi a duniya, a matakin farko za ta tsaya ta ce maka ka je ka buɗe asusu, ka kwafo lamba, ka duba imel, ka dawo bayan mako guda. Sauƙin ya tafi tun ba a je ko'ina ba.

Shinge na biyu shi ne yare. Ba kowace waya ke jin fastboot ba. Samsung tana da nata yanayin, Download Mode, wanda ake shiga da Odin, manhajar cikin gida ta kamfanin da ta fita waje, ko kuma Heimdall da masu sa kai suka rubuta ta hanyar nazarin yadda Odin ke aiki. Wayoyi masu furosesan MediaTek suna da SP Flash Tool da fayil ɗin da ke bayyana taswirar ma'adana. Na Qualcomm suna da ƙofar gaggawa da ake kira EDL, wadda kwamfuta ke gani da lamba 9008, amma ba ta aiki sai da wani fayil mai sa hannun kamfanin, kuma wasu kamfanonin sai da asusun ma'aikacinsu. Kowane yare sai an rubuta masa nasa lambobin, an gwada a ainihin waya.

Ko a cikin masu jin fastboot ɗin, tsarin ɗakunan ma'adana ya sauya sau da yawa cikin shekara goma, kuma nan ne gizo ke saƙar. Wayoyin kafin 2016 suna da sashe guda na babbar manhaja da sashe daban na rikobari, wato ƙaramar manhajar gyara da girkawa. Android 7 ya kawo tsarin gida biyu, A da B, inda ake rubuta sabuntawa a gidan da ba a ciki, kuma a irin waɗannan wayoyin sau da yawa babu sashen rikobari, yana cikin sashen boot. Android 8 a 2017 ya raba kayan kamfanin furosesa zuwa sashen vendor, ya kuma kawo vbmeta mai riƙe da sa hannu. Android 10 a 2019 ya tattara sassa da yawa cikin babban sashe guda mai suna super, wanda ba a rubuta cikinsa sai an shiga wani fastboot na biyu, fastbootd. Bayan haka vendor_boot da init_boot suka biyo. Umarnin da ke daidai a wayar 2015 zai iya hana wayar 2019 tashi. Mai rubuta manhajar girkawa dole ya san zamanin da kowace waya ta fito, da kuma ko an taɓa sauya mata tsari a wata sabuntawa.

Sai batun tagwaye. Suna ɗaya a kwali ba ya nufin waya ɗaya a ciki. Galaxy S7 ta kasuwannin duniya Exynos ce, ta Amurka Snapdragon ce kuma a kulle. Galaxy S5 tana da ire-ire da yawa, mai layi biyu daban, ta Koriya daban, ta Sin daban, kowacce da nata fayil. Poco F1 waya ɗaya ce, amma gilashinta daga kamfanoni biyu yake, Tianma da EBBG, kuma a wasu manhajojin in ka zaɓi wanda ba shi ba, wayar za ta tashi fuska baƙi ƙirin. Shi ya sa masu wannan harka ba sa kiran waya da sunan kasuwa, da sunan ɓoye suke kiranta: Poco F1 beryllium ce, OnePlus 6 enchilada, 6T fajita, Redmi Note 7 lavender. Wanda bai san sunan ɓoyen wayarsa ba bai kai ga sauke komai ba tukuna.

A ce an buɗe, an kuma san yaren. Saura tambayar da mutane ke mantawa da ita: akwai manhajar da za a sa ɗin? Babbar manhaja ba kamar ta kwamfuta ba ce da faifai ɗaya zai hau kowace na'ura. Kowace waya sai an gina mata tata, da kanel ɗinta, wato zuciyar Linux da ke magana da kayan ƙarfe, da kuma rufaffun fayilolin kamfani masu tafiyar da kyamara, hoton fuska, modem da na'urar yatsa. Lasisin GPL ya wajabta wa kamfani sakin lambobin kanel, amma da yawa daga masu ƙera wayoyi masu araha, musamman na MediaTek da Unisoc, ba sa saki, ko su saki wanda ba ya haɗuwa. Rufaffun fayilolin kuwa babu mai iya gyara su. An gina su ne don Android na shekarar da wayar ta fito, kuma duk sabon Android sai an ƙara musu faci don su ci gaba da aiki.

Akwai lokacin da facin ke ƙarewa. Misali mafi bayyana shi ne Android 12, wanda ya koma dogaro da eBPF wajen sarrafa zirga-zirgar intanet, abin da ke son kanel 4.9 zuwa sama. Da LineageOS 19 ya fito a 2022, wayoyi masu kanel 3.18 zuwa ƙasa da yawa sun tsaya a 18.1, wato Android 11. Masu sa kai sun yi ƙoƙarin mayar da fasahar baya zuwa 4.4 da wasu tsofaffin, wasu wayoyin suka tsira, wasu ba su tsira ba. Ƙara da cewa aikin kowace waya galibi a wuyan mutum ɗaya ko biyu yake, suna yi kyauta a lokacin hutunsu. Batirin wayar gwajinsa ya kumbura, ko ya samu aikin da ya cinye masa lokaci, sai a cire wayar daga jeri. DivestOS, wanda ya yi suna wajen raya tsofaffin wayoyi, ya rufe a Disamba 2024, kuma mutum guda ne ke ɗauke da kusan dukkan nauyinsa. GrapheneOS kuwa da gangan yake sauke waya da zarar kamfani ya daina gyara manhajar modem da butloda, don a ganinsu ba a kiran waya amintacciya alhali ƙasanta a ɓule yake. A wannan suna da gaskiya, ko da ba ta yi wa mai tsohuwar waya daɗi ba.

Wani zai ce ai Project Treble, tsarin Android 8 da ya raba kayan kamfanin furosesa da babbar manhaja, ya magance wannan. Ya rage, bai magance ba. Duk wayar da ta fito daga masana'anta da Android 8 ko sama tana iya ɗaukar manhajar gama-gari da ake kira GSI, fayil ɗaya mai hawa wayoyi da yawa. Daga Android 10 ma akwai DSU, wanda ke ba ka damar gwada irin wannan manhajar a gefe ba tare da goge ta asali ba, in ka sake kunna waya ka koma gida. Wannan shi ne abu mafi kusa da girkawa mai sauƙi da wayar da ba ta da mai kula da ita za ta samu. Amma yana son butloda a buɗe, kuma abin da ya tashi ba lallai ya yi aiki duka ba. Abubuwan da suka fi lalacewa su ne kira ta 4G, na'urar yatsa ta cikin gilashi, daidaita hasken fuska, da kyamarori na biyu da na uku. Wayar da ta fito da Android 7 aka ɗaga ta zuwa 8 daga baya kuwa, yawanci ba ta cikin wannan rabon.

Waɗanda suka samu sauƙin su ne wa? Akwai UBports Installer, manhajar kwamfuta mai girka Ubuntu Touch, wadda al'umma ta ci gaba da ita bayan Canonical ta yar da aikin a 2017. Akwai mai girkawar /e/OS. Akwai OpenAndroidInstaller, wanda dabararsa ita ce kowace waya a rubuta mata ɗan fayil mai jera matakanta, manhajar ta bi. In ka duba jerin wayoyinsu za ka ga fuskoki iri ɗaya suna maimaituwa: Pixel, Fairphone, OnePlus na da, wasu Motorola da Sony, wasu Xiaomi, da Samsung masu Exynos. Kuma ko a nan, sau da yawa za a ce ka fara buɗe butloda da kanka, ko ka mayar da wayar kan wani takamaiman Android kafin a fara.

Aikin da ya fi ba da fata ga tsofaffi na gaske shi ne postmarketOS, wanda aka fara a 2017 a kan Alpine Linux da burin waya ta yi shekara goma tana aiki. Maimakon su riƙa lallaɓa tsohon kanel na kamfani, suna shigar da furosesan cikin ainihin kanel na Linux, ta yadda gyara ɗaya zai amfani duk wayoyin da ke da wannan furosesan. Snapdragon 845 na OnePlus 6 da Poco F1 ya ci moriyar haka, haka ma Snapdragon 410 na irin Galaxy A3 da A5 na 2015. Suna da wata dabara mai kyau, lk2nd: ƙaramar butloda ta biyu da ake sawa a sashen boot, wadda ke gane irin wayar da irin gilashinta, sannan ta ba ka fastboot ko da a Samsung ce. Wato an koya wa wayoyi masu yare daban-daban yare guda. Sai dai wannan Linux ne, ba Android ba. Manhajar banki ba za ta hau kai tsaye ba, kyamara a wayoyi da yawa ba ta kammalu ba. Ya fi dacewa da wayar da za ta zama ƙaramar kwamfuta a gida, ba wadda za ka dogara da ita wajen kira ba.

Doka ma ba za ta ceci tsohuwar waya ba. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki ranar 20 ga Yuni 2025 ta wajabta sabunta manhaja na aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin, da samar da kayan gyara na shekara bakwai. Ba ta ce a buɗe butloda ba, kuma ba ta waiwayi wayoyin da aka riga aka sayar ba. Alkawarin shekara bakwai na Pixel 8 da Galaxy S24 shi ma na sababbi ne.

Yanzu ga yadda za ka san matsayin taka cikin minti goma. Shiga saitin, ka nemo Build number ka taɓa shi sau bakwai, Developer options zai bayyana. A ciki ka nemi OEM unlocking. In babu shi kwata-kwata, ko yana nan amma ya dushe ba ya taɓuwa bayan ka haɗa wayar da intanet, alama ce mara kyau. A wasu Samsung yakan ɓuya har sai wayar ta yi kwana bakwai a kunne da layi a ciki, don haka kada ka yanke hukunci a ranar da ka goge ta. Kunna USB debugging, ka sauke platform-tools na Google a kwamfuta, ka haɗa kebul. Umarnin adb shell getprop ro.product.device zai ba ka sunan ɓoye. ro.product.first_api_level zai gaya maka Android ɗin da aka haife ta da shi: 26 shi ne Android 8.0, 28 shi ne 9, 29 shi ne 10. ro.treble.enabled zai ce true ko false. ro.boot.slot_suffix in ya nuna _a ko _b, wayar mai gida biyu ce. adb shell uname -r zai nuna lambar kanel. Da sunan ɓoyen sai ka duba jerin LineageOS, ka tabbatar lambar samfurin da ke cikin saitin ɗinka tana cikin waɗanda aka lissafa harafi da harafi, ka kuma duba ranar ginin ƙarshe. In ya wuce watanni da yawa, an yi watsi da ita.

In sakamakon ya yi kyau, hanyar hannu ba ta kai yadda ake tsoronta ba. Buɗe butloda yana goge komai, hotuna da saƙonni da makullan manhajar tantancewa, don haka ka kwashe su tukuna. Cire asusun Google da makullin fuska kafin ka fara, don kada kariyar sata ta riƙe ka daga baya. Batiri ya haura kashi 60. Ɗaga wayar zuwa ainihin sigar manhajar kamfani da shafin umarnin ya ambata, domin sabuwar manhajar ba ta zuwa da nata modem da butloda, a kan na kamfani take zama, kuma rashin dacewarsu ne ke jawo waya ta tashi babu sabis ko ta yi ta zagaye a tambari. Daga nan adb reboot bootloader, sai fastboot flashing unlock, ko fastboot oem unlock a tsofaffi, ka amince da maɓallan jikin wayar. Rubuta rikobarin da aka bayar a sashen da aka ce, ka shiga cikinsa kai tsaye da maɓallai. In ka bari manhajar kamfani ta tashi a tsakani, a wayoyi da yawa za ta goge rikobarin ta mayar da nata. A rikobari ka yi Format data, sannan adb sideload da sunan fayil ɗin. Kwamfuta takan tsaya a kashi 47 kamar ta maƙale, wannan ba matsala ba ce, saƙon da ke fuskar waya shi ne abin dubawa. In kana son manhajojin Google, a sa su kafin tashin farko. In ka sa bayan wayar ta riga ta tashi, za su yi ta faɗuwa sai ka sake gogewa.

Rabin matsalolin da ake kawowa na kebul ne. Kebul ɗin caji kawai ba ya ɗaukar bayanai. In fastboot ya tsaya yana cewa yana jiran na'ura alhali adb yana ganin wayar, direban Windows ne, domin wayar da ke yanayin butloda wata na'ura ce daban a idon kwamfuta. Wasu tsofaffin Xiaomi ba sa jituwa da ramin USB 3, sai a koma USB 2 ko a sa mahaɗi a tsakani.

Abubuwa uku ne ke kashe waya murus, kuma su ne dalilin da masu hankali ke ɗari-ɗari da maɓalli guda. Na farko komawa baya. Wasu wayoyin suna da ƙidayar da ke hana sa tsohuwar manhaja, an ƙona ta a cikin furosesa ba ta gogewa. A 2018 masu Redmi Note 5 Pro da yawa sun rasa wayoyinsu ta haka, kuma Google ma ya ɗaga irin wannan ƙidayar a Pixel 6 da zuwan Android 13. A Xiaomi, fastboot getvar anti zai nuna maka lambar, kada ka rubuta abin da lambarsa ta gaza ta wayar. Na biyu taɓa sassan da ke riƙe da IMEI da saitin rediyo: EFS a Samsung, modemst1 da modemst2 da persist a Qualcomm, nvram da nvdata a MediaTek. Waɗannan na wayarka ne ita kaɗai, ba a sauke su a intanet, don haka da zarar ka samu dama ka ajiye kwafinsu a kwamfuta. Na uku sake kulle butloda a kan manhajar da ba ta kamfani ba. In wayar ba ta karɓar makullin waje, za ta ƙi tashi, kuma ba za ka iya shiga saitin ka sake ba da izinin buɗewa ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. In shafin manhajar bai ce a kulle ba ƙarara, bar ta a buɗe ka haƙura da gargaɗin da take nunawa duk tashi.

Akwai kuma asarar da ba ta dawowa ko da komai ya tafi daidai. A Samsung, sa manhajar waje yana ƙona fiyus ɗin Knox, lambar ta koma 0x1, Samsung Pay da Secure Folder sun tafi ke nan ko ka mayar da manhajar asali. A tsofaffin Xperia buɗewa na goge makullan da ke sashen TA, hoton dare ya lalace. A wasu wayoyin Widevine, tsarin kare fina-finai daga kwafa, na sauka daga L1 zuwa L3, manhajojin kallon fim su daina ba da hoto mai kauri. Manhajojin banki da na biyan kuɗi suna tambayar Play Integrity, gwajin Google na amincin waya, wanda ya maye gurbin SafetyNet, kuma waya mai buɗaɗɗiyar butloda ba ta cin wannan jarrabawar. Dabarun kaucewa suna aiki yau su mutu gobe, ba abin da za ka jingina kuɗinka a kai ba ne.

Na ƙarshe da za ka duba kafin ka taɓa komai shi ne kira. A ƙasashen da aka kashe 3G, kamar Amurka a 2022 da Ostireliya a 2024, kira na bi ta VoLTE ne, wato kira ta 4G, kuma wannan ɓangaren a rufe yake a hannun kamfani. A yawancin wayoyin Qualcomm masu gina manhaja kan iya ɗauko shi su sa. A Samsung an ɗaure shi da manhajarsu ta yadda galibi ba ya aiki a LineageOS da ire-irenta. Sakamakon shi ne waya mai sabon Android, mai intanet, mai saurin da ta manta da shi, amma ba ta kira ba a kiranta. Ka nemi shafin wayarka ka karanta jerin abubuwan da ba sa aiki, ka kuma tambayi kamfanin layinka ko har yanzu yana da 2G ko 3G da wayar za ta koma kai idan VoLTE ya ƙi.